Tarihin cinikin ƙoda, da abin da ya kamata mu faɗa wa ƴaƴanmu

Duk lokacin da aka ta da maganar safarar sassan jikin ɗan Adam, a majalisa ko a taron iyayen yara, hoto guda ne ke faɗo wa mutane a zuci: mota mai baƙin gilashi ta tsaya bakin makaranta, a sace yaro, a tsinci gawarsa an cire ƙoda. Tsoron yana da dalili, domin satar yara gaskiya ce, kuma matsafa masu kashe mutum saboda wani sashe na jikinsa suna nan. Sai dai wannan wata masifa ce daban. Cinikin ƙodar da ake dasa wa mara lafiya ba haka yake tafiya ba. Na bi tarihinsa tun daga dashen farko da ya yi nasara a 1954 har zuwa hukuncin da wata kotun Landan ta yanke a 2023, kuma abin da na gani shi ne ana yin sa da rana tsaka, a asibiti mai tsafta, da likitoci masu takardar shaida. Wanda za a yanka yakan shigo da ƙafarsa ya sa hannu. Bashi ne ya kawo shi, ko alkawarin aiki. Mai saye kuma ya jira wanda zai ba shi kyauta ne bai samu ba. In muna son kare yaranmu, sai mu san ta inda haɗarin ke shigowa, kada mu tsare ƙofar gaba ɓarawo ya haura ta baya.

Mafarin dashe

Muna koya wa yaran firamare cewa mutum yana da ƙoda biyu, aikinsu su tace jini su fitar da datti ta fitsari, kuma mai guda ɗaya lafiyayya zai iya rayuwa har tsufa. Daga nan labarin duka ya taso. Zuciya ɗaya ce, ba wanda zai ba da tasa ya rayu. Ƙoda kuwa ana cire ɗaya, bayan ƴan kwanaki mai ita ya tashi ya koma gida. Shi ya sa mafi yawan cinikin haram na sassan jiki a duniya a kan ƙoda yake.

Tun farkon ƙarni na 20 likitoci suka iya ɗinke jijiyoyin jini. Abin da ya gagare su shi ne jiki ba ya yarda da baƙo. Garkuwar da Allah ya yi mana don yaƙar cuta tana ɗaukar ƙodar wani tamkar abokiyar gaba, ta far mata har ta mutu. Ranar 23 ga Disamba 1954, a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya samu hanyar kauce wa wannan. Mara lafiyarsa, Richard Herrick, ɗan tagwaye ne, irin Hassan da Usainin nan masu kama ɗaya sak. Ɗan uwansa Ronald ya ba shi ƙoda, kuma jikin Richard bai gan ta a matsayin baƙuwa ba. Ya ƙara shekara 8 a duniya, ya yi aure, ya samu ƴaƴa. Ronald da ya bayar ya rayu har 2010. Mu riƙe wannan: dashen farko da ya yi nasara kyauta ce tsakanin ƴan uwa.

Amma mutum nawa ne ke da ɗan tagwaye? A shekarun 1960 an samo magungunan da ke dakushe garkuwar jiki, sai dai suna dakushe ta gaba ɗaya, mara lafiya ya tsira daga babbar cuta, ƙarama ta kashe shi. Haka ta faru da Louis Washkansky, wanda Christiaan Barnard ya dasa wa zuciya ranar 3 ga Disamba 1967 a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Zuciyar ta yi aiki, amma ciwon huhu ya ɗauke shi bayan kwana 18. Aikin ya kuma ta da wata tambaya: yaushe ake cewa mutum ya mutu, tunda zuciya daga mamaci ake ɗauko ta tun tana da amfani? A 1968 wani kwamiti a Jami'ar Harvard ya fitar da ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa, wato halin wanda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya ba dawowa, na'ura ce kawai ke hura masa numfashi. Wannan ya buɗe hanya ta biyu ta samun sassa: daga waɗanda suka rasu a asibiti, galibi sanadin hatsarin hanya ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa.

Maganin da ya buɗe kasuwa

Abin da ya juya komai wata funfuna ce da aka samu cikin ƴar ƙasar da wani ma'aikacin kamfanin magani na Sandoz ya ɗebo daga tsaunukan Norwe. Daga ita aka fitar da siklosforin, maganin da ke hana jiki kai wa baƙon sashe hari ba tare da ya rusa garkuwar duka ba. An gwada shi a kan mutane a Ingila a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Daga nan ba sai ɗan uwa na jini ba. In rukunin jini ya dace, gwajin asibiti bai nuna jikin zai ƙi ta ba, ƙodar wanda ba ka taɓa gani ba za ta iya zama a jikinka shekaru.

Ni'ima ce babba, amma ta zo da wutsiya. Masu buƙata suka yi yawa, masu bayarwa ba su ƙaru daidai da su ba. A yau ana dasa sassa fiye da 150,000 a shekara a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce wannan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ake buƙata ba. A Amurka kaɗai fiye da mutum 100,000 ne ke kan layin jira, mafi yawansu ƙoda suke nema. Mai jira yana rayuwa da wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Wanda ya shekara uku ko biyar a haka, yana ganin abokan zamansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in yana da kuɗi zai fara tambayar ko akwai wata hanya.

Ba a daɗe ba aka samu mai amsa masa. A wannan shekara ta 1983, wani likita a jihar Bajiniya mai suna Barry Jacobs ya sanar da cewa zai kafa kamfanin dillancin ƙoda, ya nemo matalauta, har daga ƙasashen waje, a biya su a cire. Abin ya girgiza majalisar dokokin Amurka, Al Gore ya jagoranci zaman bincike, a 1984 aka kafa dokar da ta haramta saye da sayar da sassan jiki. A Ingila ma sai da abu ya faru. A 1988 an kawo wasu talakawa daga Turkiyya wani asibitin kuɗi a Landan aka cire musu ƙoda. Ɗaya daga cikinsu ya shaida cewa aiki aka ce za a ba shi, ya ɗauka gwajin lafiya ake yi masa. A 1989 Ingila ta yi tata dokar, a 1991 kuma OMS ta fitar da ƙa'idojin da suka ce jikin ɗan Adam ba haja ba ne.

An toshe nan, ta ɓulle can

Ƙasashe masu arziki sun rufe ƙofarsu, sai masu kuɗi suka hau jirgi. A shekarun 1980 Indiya ce babbar kasuwa, domin tana da ƙwararrun likitoci, asibitocin kuɗi, talakawa ba iyaka, kuma ba dokar da ta hana. Wata unguwar marasa galihu a birnin Chennai, mai suna Villivakkam, har laƙabin unguwar ƙoda aka yi mata saboda yawan masu tabo a kwiɓi. Masu saye su ma ba su sha da daɗi ba. Likitoci sun bi mutum 130 daga Daular Larabawa da Oman da suka sayi ƙoda a Bombay tsakanin 1984 da 1988, suka tarar 24 sun mutu kafin shekara ta zagayo, wasu kuma sun kwaso cutar sida, domin dillali ba ya tsayawa dogon gwaji.

Indiya ta haramta cinikin a 1994, amma dokar ta bar kafa: wanda ba dangi ba zai iya bayarwa in ya tabbatar wa kwamiti cewa don ƙauna yake yi. Sai dillalai suka koma koya wa talakawa abin da za su faɗa a gaban kwamiti. A 2002 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike da nake so kowane malami ya sani. An tattauna da mutum 305 da suka sayar da ƙoda a Chennai. Kashi 71 cikin 100 mata ne. Kashi 96 don biyan bashi suka sayar. A tsakaice dala 1,070 aka ba kowanne. Bayan kimanin shekara shida, kashi uku cikin huɗu har yanzu ana bin su bashi, kuɗin shigar gidajensu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kashi 86 sun ce lafiyarsu ta taɓarɓare, kashi 79 kuma sun ce ba za su ba kowa shawarar ya yi ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Waɗannan sun ba da abin da ke cikinsu, bashin bai fita ba.

Me ya sa lafiyarsu ta taɓarɓare, alhali Ronald Herrick ya shekara 56 da ƙoda ɗaya? Mai bayarwa ta halal ana bincikarsa sosai kafin aiki, in an ga hawan jini ko ciwon suga a ce a'a. Bayan aiki ya huta, ya ci mai kyau, likita yana bibiyarsa. Mai sayarwa kuwa ana sallamarsa da wuri, ya koma dako ko noma da ɗanyen ɗinki, kuma ba zai koma asibiti ba, domin abin da ya yi laifi ne.

Da Indiya ta ɗan tsananta, kasuwar ta tsallaka Pakistan. Kafin 2007 ana dasa ƙoda kimanin 2,000 a shekara a can, mafi yawa ga baƙi, masu sayarwa kuma galibi leburorin gona da na gidajen bulo ne a lardin Punjab, waɗanda bashin ubangida ya ɗaure. Pakistan ta yi doka a 2007, ta ƙarfafa ta a 2010. Filifin ta hana yi wa baƙi dashe da ƙodar ƴan ƙasa a 2008. Duk inda aka toshe, sai ruwan ya nemi wata hanya, domin marasa lafiya suna nan, matalauta ma suna nan.

Abin da shari'ar Durban ta tona

Nahiyarmu ma ta shiga. Tsakanin 2001 da 2003, an yi dashen haram 109 a asibitin St Augustine na birnin Durban a Afirka ta Kudu. Masu saye daga Isra'ila suke zuwa, wani yakan biya har dala 120,000. Masu sayarwa kuma an kwaso su daga Romaniya da unguwannin talakawa na Recife a Barazil, ana ba su kamar dala 6,000. Dukansu suna sa hannu a takardar da ta ce su dangin juna ne, alhali ko harshen juna ba sa ji. A Nuwamba 2010 reshen kamfanin Netcare mai asibitin ya amsa laifi a kotu, ya biya kusan rand miliyan 8.

Wannan shari'a ta nuna abin da cinikin ke buƙata: ɗakin gwaji da zai duba dacewar jini da nama, ɗakin tiyata, likitocin yanka, masu sa barci, ma'aikatan jinya, tafinta, da mai haɗa takardun tafiya. Ƙodar da aka cire ba ta daɗewa, ko an sa ta cikin sanyi da ruwan magani na musamman ba ta wuce kwana ɗaya da ƴan awoyi, zuciya kuwa awa huɗu zuwa shida ne. Ba a cire ƙoda a daji a zuba a buhu a kai kasuwa. Dillali ya fi son baligi lafiyayye da zai zo da kansa, a gwada shi, ya yi ƙarya a gaban likita, ya tafi bai ce wa kowa komai ba.

Jita-jitar satar yara don dashe kuwa ta taɓa jawo ta'asa. A ƙarshen shekarun 1980 ta bazu a ƙasashen Latin Amurka, kuma a 1994 jama'a suka yi wa wata Ba'amurkiya ƴar yawon buɗe ido dukan kawo wuƙa a wani gari a Gwatemala saboda an ce ta sace yaro. Daga baya yaron ya bayyana lafiya lau, ita kuwa ta nakasa. Mun san yadda ihun ɓarawo yake a kasuwanninmu, mun kuma san cewa baƙo da mai taɓin hankali ne suka fi shan sa.

A 2008 likitoci da masana fiye da 150 daga ƙasashe 78 suka taru a Istanbul suka fitar da sanarwar da ta yi tir da fataucin sassa da yawon neman dashe, ta kuma ce kowace ƙasa ta yi ƙoƙarin biya wa marasa lafiyarta buƙata daga cikin gida. A lokacin OMS ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dashen ƙoda a duniya ta hanyar ciniki ake yin sa. A wannan shekarar Isra'ila ta hana kamfanonin inshora biyan kuɗin dashen da aka yi a waje ta hanyar saye, kuma masu fita suka ragu ƙwarai.

Abin ya matso kusa da mu

Masar ta fara dashen ƙoda tun 1976, amma ta shafe fiye da shekara talatin ba ta da cikakkiyar doka, saboda malamai da likitoci da ƴan majalisa sun kasa daidaitawa a kan mutuwar ƙwaƙwalwa. Tunda ba a ɗauka daga mamaci, komai ya dogara ga masu rai, sai dillalai suka cika gurbin. An yi dokar a 2010, amma cinikin bai mutu ba. A Disamba 2016 hukumomi suka kama gungun mutum 45, da likitoci da malaman jami'a a ciki, a 2018 kotu ta ɗaure 37. Masu bincike sun nuna cewa cikin waɗanda dillalan Alƙahira suka fi farauta akwai baƙin haure daga Sudan da maƙwabtanta, waɗanda guzuri ya ƙare musu suna neman kuɗin tsallaka teku. Wanda ba shi da takardar zama ba ya kai ƙara wurin ƴan sanda, ko an hana shi rabin kuɗin da aka yi masa alkawari.

Sai kuma shari'ar da ta shafi maƙwabtanmu. Ike Ekweremadu ya shekara 12 yana mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya. Ƴarsa ta kamu da ciwon ƙoda. Ta hannun wani likita, Obinna Obeta, aka samo wani saurayi ɗan shekara 21 mai tallar kayan waya a baro a Legas, aka kai shi Landan a 2022, aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a matsayin ɗan uwan yarinyar. Kuɗin aikin fam 80,000 ne, kimanin sefa miliyan 60. Abin da kotu ta ji an yi wa saurayin alkawari bai wuce fam 7,000 ba, kimanin sefa miliyan 5, tare da damar samun aiki a Ingila. Likitan da ya gana da shi ya lura bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi yin aikin. Saurayin ya gudu, ya yi kwanaki yana kwana a titi, sannan ya shiga ofishin ƴan sanda. Ranar 5 ga Mayu 2023 aka ɗaure Ekweremadu shekara 9 da wata 8, matarsa Beatrice shekara 4 da wata 6, Obeta shekara 10. Shekara 34 ke nan tsakanin talakan Turkiyya da saurayin Legas, birni ɗaya, tarko ɗaya: zo ga aiki, amma sai an yi maka gwajin lafiya.

Ni uba ne, na san abin da ciwon ɗa yake yi wa zuciya. Amma saurayin nan shi ma ɗan wani ne.

Me ya taɓa rage cinikin?

Wasu suna cewa tunda hani bai hana ba, a halatta a tsara. Iran ce kaɗai ta bi wannan hanya. Tun 1988 mai ba da ƙoda yana karɓar kuɗi daga gwamnati da kuma daga mara lafiya, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar marasa lafiya, kuma ba a sayar wa baƙo. Hukumomin ƙasar sun ce layin jira ya ƙare a 1999. Tsarin ya rage wa dillalai ƙarfi, wannan gaskiya ce. Sai dai masu sayarwa har yanzu matalauta ne da bashi ya koro, kuma binciken da aka yi da ɗaruruwansu a Kermanshah ya nuna mafi yawa sun yi nadama. A ganina, tsarin da talaka ne kullum ke kwanciya a yanka, mai hali ne kullum ke karɓa, bai warware matsalar ba, hatimi kawai ya buga mata.

Sifaniya ta bi wata hanyar. Tun 1979 dokarta ta ɗauki kowane mamaci a matsayin mai bayarwa sai in ya ƙi tun yana raye, amma shekara goma ba a ga wani canji ba. A 1989 aka kafa hukumar dashe ta ƙasa ƙarƙashin likita Rafael Matesanz. Aka sa ma'aikaci na musamman a kowane babban asibiti, galibi likitan sashen masu tsananin ciwo, aka horar da shi yadda zai zauna da dangin mamaci cikin ladabi ya nemi yardarsu. Ba a ɗaukar komai sai dangi sun amince. Masu bayarwa suka tashi daga 14 cikin kowane miliyan a 1989 zuwa kusan 49 a 2019, ƙasar ta shafe fiye da shekara talatin tana kan gaba a duniya. Abin da ya yi aiki shi ne amana da iya magana da mutane.

Mu Musulmi tambayarmu ta farko ita ce ko ya halatta. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashe a 1982, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta bi baya a 1985. A Fabrairu 1988 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta halatta ɗaukar sashe daga mai rai in ba zai halaka shi ba, da daga mamaci in shi ko magadansa sun yarda, ta kuma haramta sayarwa. Akwai malaman da ba su yarda ba, irin su Shaihu Sha'arawi na Masar, wanda yake ganin jiki mallakar Allah ne, mutum ba shi da ikon kyautar da shi. Saɓanin a kan kyauta yake. A kan sayarwa kuwa ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya.

Namu aikin

A ƙasarmu wankin ƙoda a manyan asibitoci ƙalilan ake samunsa, kuma mai buƙatar dashe galibi waje ake fita da shi. A Kano asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin dashe tun 2002. Tsari irin na Sifaniya yana son ɗakunan kula da masu tsananin ciwo da ba mu da su da yawa. Doka kuwa akwai: yarjejeniyar Palermo ta 2000 ta sa cire sassan jiki cikin fataucin mutane, kuma Nijar ta kafa tata dokar yaƙi da fataucin mutane a Disamba 2010. Amma duk shekara bayan girbi samarinmu suna fita ci-rani, Legas, Abija, Aljeriya, Libiya, da yawa ba takarda, wasu da bashin kuɗin mota a wuya. Su ne irin waɗanda tarihin nan ya nuna dillali yana nema.

Abu uku nake ganin suna hannunmu.

Na farko, mu yi wa manyan ɗalibai da samari masu shirin tafiya bayani a fili. Duk wanda ya ce zai biya maka fasfo da jirgi kyauta, ya kai ka gwajin jini kafin ya faɗa maka irin aikin, ya riƙe fasfonka, ko ya ce ka faɗa wa likita cewa kai ɗan uwan wani ne, to ka tsaya nan. Su san cewa ƙoda ba ta sake tsirowa, ko da dillali ya rantse. Su san cewa a gaban likita suna da ikon cewa a'a har zuwa ƙofar ɗakin tiyata. Saurayin Legas ya tsira ne saboda wani likita ya tsaya ya saurare shi, shi kuma ya yi ƙarfin halin kai kansa wurin hukuma.

Na biyu, mu rage masu shiga layi. Hawan jini da ciwon suga ne manyan masu kashe ƙoda, kuma suna cin mutum shekaru bai sani ba. Awon jini a asibitin unguwa ba ya ɗaukar minti biyar. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da ake saye a tire ana sha kullum kamar goro, suna lalata ƙoda, haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. A wajen yara, tsargiyar da ake kwasowa a tafki tana iya toshe hanyar fitsari in ta daɗe, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya tsayar da ƙoda, kuma yaron da fuskarsa ta kumbura bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje asibiti ya kamata a kai shi ba da jinkiri ba. Malami ne yakan fara ganin irin wannan a aji.

Na uku, mu daina jin kunyar maganar bayarwa a cikin dangi. Gidan Bahaushe ba ya rasa ƴan uwa. In ciwon ya sami ɗaya daga cikinmu, a zauna, a tambayi malami, a tambayi likita, wanda ya ji zai iya ya je a gwada shi. Kada a tilasta wa ƙanwa ko mata ko ɗan riƙo don su ne ba su da bakin musu, domin tilas ma wani nau'in ciniki ne. In an rasa mai bayarwa, a ci gaba da wanki ana roƙon Allah. Duk iyalin da suka ce bari mu nemo wani yaro mu biya shi, su tuna cewa a wani gida akwai uwar da ta sallami ɗanta da addu'a, tana zaton aiki ya tafi nema.